Shin bell hooks Ta Raba Kan Masu Fafutuka Ne?

Malamin tarihi: Ra'ayina shi ne bell hooks, marubuciya baƙar fata mai fafutukar 'yancin mata, haifaffiyar Hopkinsville ta jihar Kentucky a Amurka a 1952, ta fi ɓata wa na gida rai fiye da yadda ta girgiza abokan hamayya. A littafinta na 1981, Ain't I a Woman, ta caccaki fararen mata masu neman 'yanci, sannan ta juya kan jagororin baƙar fata maza, alhali tafiyar tana buƙatar haɗin kai.

'Yar jarida: Malam, wane haɗin kai ke nan? An ba matan Amurka damar zaɓe a 1920, amma a jihohin kudu an ci gaba da tare wa baƙar mace hanya da jarrabawar karatu har sai da dokar zaɓe ta 1965 ta haramta hakan. Ɓarakar tana nan tun kafin ta ɗauki alƙalami. Dubi martaninta a littafinta na 1984 ga Betty Friedan, marubuciya farar fata wadda ta koka da ƙuncin matan gida masu ilimi da ke son fita aiki. Tambayar hooks ita ce, idan suka fita, wa zai riƙe musu yara ya share musu gida? Baƙaƙen mata sun daɗe suna wannan aiki a ɗakunan girkin wasu, babu wanda ya kira shi 'yanci.

Malamin tarihi: Na karɓi wannan, Malama. Amma tona asirin mazan da su ma ake zalunta fa?

'Yar jarida: Wanda ake zalunta a titi yana iya zama azzalumi a gidansa, kuma matar da ke karɓar dukan ba ta da dalilin jiran ranar nasara kafin ta yi magana. Ita ba ta yi watsi da maza ba, domin a 2004 ta fitar da littafi sukutum kan halin da mazan baƙar fata suke ciki.

Ɗalibar jami'a: Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Masana sun zarge ta da rashin sanya manazarta a ƙasan shafi, wanda hakan ke wahalar da mai bin diddigin hujjojinta.

'Yar jarida: Da gangan ta yi, ƙanwata, don wanda bai shiga jami'a ba ya iya karanta ta. A 2004 ta koma Kentucky koyarwa a kwalejin Berea, inda ɗalibai ba sa biyan kuɗin karatu, kuma a garin Berea ta rasu a 2021.

Ɗalibar jami'a: Niyyar mai kyau ce, Yaya, amma mai bincike zai ci gaba da neman tushen kowace magana.