'Yata na son tsayawa takarar hedigel ga jarrabawar fita a gaba, in bar ta?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe muƙami a sakandare, ko 'ya'yansu suka riƙe. 'Yata tana aji biyar, ɓangaren kimiyya, a wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo a nan Kano. Ku lura don Allah, ba ta kwana ba ce. Yanzu zango na uku ake ciki, 'yan aji shida sun shiga WAEC, za a miƙa wa 'yan aji biyar shugabancin ɗalibai. A makarantarsu ba naɗi ake yi ba, zaɓe ne. Za ka yanki fom naira 5,000, malamai su tantance, kowa ya fito gaban asambili ya faɗi abin da zai yi, sannan a jefa ƙuri'a a takarda. Ranar Juma'ar nan za a rufe sayar da fom.

Malamar ajinsu ce ta fara sa mata abin a rai, ita kuma ta ɗauka da zafi, har jawabi na tarar ta rubuta a bayan littafin Kemistiri. Ni abin da ke damuna, likita take son zama, kun kuwa san makin JAMB na likitanci ba na wasa ba ne. Hedigel dole ta riga kowa zuwa, bakwai saura kwata tana bakin get, kuma ita ce ƙarshen tashi. Da yamma ga Islamiyya, saura izu 9 ta sauke. Wani abin kuma, aminiyarta tun firamare ta riga ta yanki fom ɗin wannan kujerar. Babanta ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. In bar ta ta nemi hedigel ɗin, ko in lallashe ta ta nemi ƙarami kamar na laburare, ko ta haƙura gaba ɗaya?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ki bar ta mana, kada ki kashe wa yarinya gwiwa. Allah ya ba mai rabo sa'a.

Abu Hanif:
Ai a makarantar kwana bajo shi ne garkuwa. Mai bajo ba ya ɗebo ruwa, ba ya wanke wa kowa kaya, ba ya yankan ciyawa. In za ta ji tawa, ta nemi na kula da abinci.

Maman Ummi:
Malam Abu Hanif, jeka-ka-dawo na ce. Babu dainin a makarantar, kowa da kular abincinsa yake zuwa.

Tsohon Firifet:
Tunda an ambaci na abinci, Hajiya ki ba ni aron kunnenki. Ni na riƙe shi, shekarar 2009, a makarantar kwana ta maza. Ba zan faɗi sunanta ba. Ranar da aka maƙala mini bajo ji na yi kamar an ba ni sarautar gari. Babana har kuɗin sabon takalmi ya aiko.

Aikina kullum da asuba in je sito tare da malamin kicin, a fitar da abin da za a dafa, in sa hannu a littafi. Makonnin farko ina ƙirgawa. Daga baya sai a ce mini ka makara, an riga an fitar, sa hannu kawai ka tafi aji. Yaro ɗan shekara 17 zai ce wa malami a'a? Ina sa hannu a kan buhu huɗu, abin da ke shiga tukunya bai kai uku ba. Gabza ta ƙanƙance, miya ta koma ruwa, wake duk ƙwari. Wa ɗalibai suke gani a dainin? Ni. Ba sa ganin ɗan kwangila, ba sa ganin malami. In na wuce sai ka ji ana "ɓarawon nama". Har ƙasa aka taɓa zuba mini a katifa. Na kai ƙara sau biyu, aka ce in kama bakina, ba don wannan aka naɗa ni ba.

Wani dare bayan firef, wato karatun dare, yara suka yi bore. Aka farfasa tagogi, aka ɓalle sito. Aka rufe makaranta mako biyu, aka kafa kwamiti. Da suka buɗe littafin sito, hannun wa suka gani shafi bayan shafi? Nawa. A gaban asambili aka cire mini bajo, aka yi mini bulala 12, aka kore ni daga kwana. Daga gidan wani kawuna na riƙa zuwa jarrabawa, tafiyar kusan awa ɗaya a ƙasa. Lissafi ya faɗi a WAEC, ya faɗi a NECO. Shekara biyu ina zaune a gida abokaina suna jami'a. Babana har ya rasu bai gama yarda cewa ban ci ko ƙwayar wake ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai har gobe.

Mai muƙami a makaranta ɗalibai na kallonsa ɗan rahoton malamai, malamai na kallonsa yaro. Ranar da abu ya ɓaci ba shi da kowa. In ma kin bar ta, ki ja mata kunne, kada ta sa hannu a kan abin da idonta bai gani ba.

Uwar Biyu:
Innalillahi. Allah ya saka maka. To shi malamin kicin ɗin fa?

Tsohon Firifet:
Canjin wurin aiki aka yi masa. Shi ke nan.

Ɗan Kurmi:
Yallabai mai abinci, Allah ya jiƙan Baba. Amma tsakani da Allah, naman nan da ake tsamewa daga sama kafin a raba, ina yake zuwa? Mu da muka yi juniya har yau muna bin ku bashi 😂

Tsohon Firifet:
Ɗan Kurmi, irin wannan maganar ce ta ja mini abin da ta ja mini. Ka bari.

Uwar Biyu:
Maman Ummi, ni ta kuɗi zan faɗa miki, don 5,000 ɗin nan somin taɓi ne. Bara ɗana ya nemi hediboi a Kaduna. Fom 2,000, fosta guda 20 muka biya 14,000, alewa da biskit na ranar jawabi kusan 15,000. Da ya ci kuma aka ce sai bleza da bajo, 22,000. Ki ƙirga. Ban sa na ruwan leda da ya riƙa saya wa 'yan kamfen ɗinsa ba.

Mai Shagon Bugu:
Hajiya an cuce ki a fosta. Sana'ata ce. Mai kala babba 400 nake bugawa, in da yawa in bari 350. Guda 20 ba za su wuce 8,000 ba.

Uwar Biyu:
Da gyaran hoto da tsarawa fa? Kuma mai sheƙi ce, ba takardar fotokwafi ba.

Baban Sadik:
Ku kuna ma da sauƙi. A Abuja makarantar 'yar ƙanwata fom ɗin kaɗai 20,000 ne.

Anti Malama:
Mu a makarantarmu kyauta ne fom, kuma duk wanda aka kama yana rabon alewa an soke shi nan take. Kwali ɗaya ake ba kowa ya rubuta da maka ya manna. Sayar wa yaro fom ɗin shugabanci ni ban ga tarbiyyar da ke ciki ba.

Ɗan Kurmi:
Da alewa ake farawa, a girma a koma taliya da atamfa. A yi musu ƙato-bayan-ƙato irin na 1993 mana, kowa ya ga wanda ya ci biskit ɗinsa ya bi layin wani 😂

Malam Na Fiziks:
Hajiya, shekarata 16 ina koyarwa, na zauna a kwamitin tantancewa ba sau ɗaya ba. Bari in faɗa miki yadda abin yake. Nauyin muƙamin zango biyu ne da ɗan wani abu: wannan na ukun, da na farkon aji shida, sai na biyu ya fara sauƙi, kafin a fara WAEC za ta miƙa wa na baya kamar yadda za a miƙa musu yanzu. Matsalar ita ce a daidai wannan tsakanin ake rajistar JAMB, ake kuma ƙarasa manhajar aji shida a gurguje.

Bajo ba ya ƙara maki ko ɗaya a JAMB. Likitanci kiredit biyar yake nema, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, sai makin da ya fi na dubban masu nema. Abin da muƙami ke bayarwa layi ɗaya ne a takardar shaidar hali, sai kuma bakin magana a gaban jama'a, wanda ni ban raina shi ba. Na ga yaran da muƙami ya gyara, na ga waɗanda ya cinye. Bambancin yawanci daga makarantar ne. Ki je da ƙafarki wurin firinsifal kafin Juma'a, ki tambaya ko ana fitar da hedigel daga aji ana cikin darasi don aike ko tarbar baƙi. In ana yi, kada ki yarda. Ki kuma tambaya ko ana ba su bulala su daki 'yan uwansu, don nan ne gaba ke farawa, har ta kai iyaye su zo makaranta da faɗa.

Tsohon Firifet:
Malam, da girmanka, amma malami ba zai taɓa faɗin yadda abin yake daga ƙasa ba. Ku kuke naɗawa, ku kuke cirewa. Wanne firinsifal ne zai ce wa uwa e, muna fitar da ita daga aji?

Baban Sadik:
Kai ma fa labarinka na makarantar kwana ne, na maza, na 2009. Baiwar Allah nan ta ce ta kuɗi ce, jeka-ka-dawo. Ina sito, ina gabza?

Tsohon Firifet:
Littafin 'yan makara ba sa hannu ake yi ba? Kuɗin kulob da ake tarawa ba a hannun yara yake bi ba?

Hajiya Babba:
Duk ku yi haƙuri. Ba malami ba, ba tsohon ɗalibi ba, uwa ita ta san 'yarta. Kuma a yi istihara.

'Yar Famasi:
Mama, ni na yi hedigel a 2022, makarantar jeka-ka-dawo irin ta Ummi, kuma da ƙawata muka kara. Abin da ba wanda ya taɓo shi ne maganar ƙawar. Na ci da ƙuri'a kaɗan, daga ranar ba ta sake zama kusa da ni ba. Ajinmu ya rabu biyu, a guruf ɗin WhatsApp na aji ake yada mini magana da dare, in karanta in yi kuka in tashi da safe in ja asambili. Zangon farko na sauko daga ta 2 zuwa ta 7. Abin da ya cece ni, Ummana ta je ta ce ba ta yarda in wuce ƙarfe biyu a makaranta ba, ni kuma na sakar wa mataimakiyata rabin aikin. Islamiyya dai sai da na ajiye ta wata huɗu, wannan ba zan ɓoye miki ba. Ban samu likitanci ba, Famasi nake, amma ba zan ɗora wa bajo ba. Yau ko a gaban wa zan tsaya in yi magana ba na rawar murya. Ki sa su zauna su biyun su yi magana kafin ta yanki fom.

Ɗan Maraɗi:
Ina karanta ku ina mamaki. Mu nan Nijar in an ce shugabancin 'yan lakwal, USN ake nufi, ƙungiyar ɗaliban Nijar, kuma ba ta tsaron get da kama 'yan makara ba ce. Tun daga kwaleji da lise ake zaɓen wakilai, su ke kai kukan ɗalibai, su ke kiran yajin karatu. Har yau duk ranar 9 ga Fabrairu ana tuna ɗalibai ukun da aka kashe a gadar Kennedy a Yamai a 1990. Shi ya sa uwa a nan in ɗiyarta ta ce za ta shiga, tsoronta daban ne da naki. Ƙanena ya yi, shekarar BAC ɗinsa, jarrabawar gama sakandare, rabinta a taro ta ƙare.

Abu Hanif:
Duk wannan dogon zance ne. Zaɓen makarantar kuɗi sunansa zaɓe. A ta yarana an ƙirga ƙuri'a a ofis, aka fito aka ce 'yar ƙanwar mai makaranta ce ta ci. Wanda ake bin babansa kuɗin zango ko tantancewa ba ya wucewa.

Anti Malama:
Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Malam. Mu a gaban yara muke ƙirgawa.

Baban Sadik:
Ni fom ɗin ne ma ya tsaya mini. Komai yanzu kuɗi. Aji shida kaɗai a lissafa: kuɗin lesin na dole, kuɗin jarrabawar gwaji, rajistar WAEC da NECO da makaranta ke ɗora nata a kai ba rasit, sannan a zo kuɗin bikin yaye ɗalibai. Bana 35,000 aka ce mu kawo, wai har da hayar riga.

Uwar Biyu:
Mu 25,000 ne, amma ban da ankon iyaye. Rigar kuma awa uku za a sa a mayar musu.

Mai Shagon Bugu:
Mujallar yaye ɗaliban ma ni nake buga wa wasu. In na faɗa muku abin da nake karɓa da abin da ake caje ku, sai an yi rigima a zauren nan.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai jama'a. 'Yar Famasi, Allah ya yi miki albarka, zan neme ki ta gefe. Amma gobe fa Juma'a, kuma yarinyar nan tun dawowarta take bina da ido. Na laburaren ba wanda ya ce komai a kai, akwai wanda ya taɓa riƙe shi?

Baban Sadik:
Uwar Biyu, 25,000 ɗin har da abinci, ko shi ma daban kuka biya?