Neman kalma: me za mu kira dayorama da Hausa?

Malamin Zane, wajen Gumel:
Assalamu alaikum. Malamai, a taimaka kafin Alhamis. Ɗalibanmu za su baje aikin hannu ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, kuma mai buga takarda ya ce ranar Alhamis zai rufe karɓar rubutu. Aikin shi ne abin da ake kira dayorama: ƙaramar tankar yaƙi ta roba, irin ta Amurka da ake kira Sherman, awo 1:35, a kan allo mai santimita 30 da 40, da ƙasa da duwatsu da sojoji uku. Yaƙin Alamain da aka yi a Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ake nunawa, Oktoba 1942, inda Sherman ta fara shiga yaƙi. Iyaye ne za su karanta takardar, don haka Hausa zalla nake so. Abu uku suka tsaya mini: sunan abin kansa, yadda za a faɗi 1:35, da sunan aikin da ake yi wa fenti don tankar ta fito kamar ta sha hanya.

Ɗan Maigatari:
Wa alaikumus salam. Mutum-mutumin tanka. Kowa zai gane.

Malama Mai Fassara, Ringim:
Mutum-mutumi ya fi zama a kan mai rai, kuma ko an yarda da shi, tankar kaɗai ya kama, ya bar ƙasa da sojoji. Taswira ma ba za ta yi ba, shimfiɗaɗɗiya ce. Ina ganin a nemi abin daga fage. Ƙaramin fage, ko ƙwarya-ƙwaryan fage.

Mai Haɗa Samfur, Kazaure:
Malama ta kama hanya. Tankar da aka haɗa aka ajiye a kan kanta ba dayorama ba ce. Sai an ba ta wuri da lokaci: ga inda take, ga abin da ke faruwa a wannan daƙiƙar. Soja ɗaya yana zuba mai daga jarka, ɗaya yana duba sarƙar ƙafafun tankar, na uku yana hangen nesa, mai kallo ya fahimci labarin ba tare da an gaya masa ba. Duk kalmar da ba ta ɗauki wuri ba ta faɗi.

Game da 1:35, ku guji sikeli, don a bakin mutanenmu sikeli na auna nauyi ne. Ma'anar ita ce kowane santimita ɗaya a kan allo yana tsaye ne a madadin santimita 35 na gaskiya. Sherman tana da tsawon da ya kusa mita 6, sai ta dawo wajen santimita 17. Mutum mai mita 1.75 ya dawo santimita 5 cif. Kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan awon tun daga ƙaramar tankarsa ta roba mai suna Panther a 1961, shi ya sa sojoji da jarkoki da akwatunan harsashi na wannan girman suka fi samuwa. Akwai 1:72 ma, amma sojansa bai kai santimita biyu da rabi sosai ba, hannun ɗalibi ba zai iya yi masa fuska ba. Ni dai maimakon sikeli, awon ragi zan ce.

Malama Mai Fassara, Ringim:
Awon ragi ya zauna. A rubuta: awon ragi, ɗaya bisa 35.

Ɗalibin Harshe, Dutse:
Da izinin malamai. Ƙaramin fage bayani ne, ba suna ba ne. Harshe yana da injin ƙirar suna, me ya sa ba za mu yi amfani da shi ba? Asalin kalmar daga Girkanci take, gaɓar farko tana nufin ta cikin abu, ta biyu tana nufin abin gani, kuma Bafaranshe Louis Daguerre da abokin aikinsa ne suka sa wa wani gidan kallo wannan suna a Faris a 1822. Tushenta gani ne. Mu ma sai mu bi tsarin ma- da -a na sunan wuri, kamar makaranta, majema, maƙera. Daga gani zai ba mu magana, wadda tana da mai ita. Daga kallo kuwa sai mu sami makalla. Kalma ɗaya, gajera, Hausa tsantsa. Makallar tanka. Makallar yaƙin Alamain.

Malama Mai Fassara, Ringim:
Ƙanena, tsarin daidai ne, amma duba abin da yake haifarwa. Maƙera wurin da maƙeri yake tsayawa ne ya yi ƙira. To makalla sai ta zama wurin da ɗan kallo yake tsayawa, ba abin da ake kallo ba. Ga kuma jam'in mai aikatawa, maƙeri maƙera, makalli makalla. A baki karin sauti yana raba su, a takarda kuwa ba ma sa alamar karin sauti. Uba zai karanta makallar tanka ya ɗauka rumfar 'yan kallo ake nufi.

Ɗalibin Harshe, Dutse:
Yaya, ai maƙera ɗin ma haka take, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa. Jimla ce ke fayyacewa.

Malama Mai Fassara, Ringim:
Ba a ruɗewa ne saboda an gaji kalmar. Sabuwa ba ta da wannan gatan.

Malamin Larabci, Taura:
Larabawa mujassam suke ce wa duk abin da aka ba shi jiki aka ƙanƙanta shi don nuni, daga kalmar jiki. Mujassami zai shiga bakin Bahaushe ba wuya, kamar yadda mujalla da muhawara suka shiga.

Kafinta, Babura:
Allah ya gafarta Malam, mu dai a shago ba wanda zai ce mujassami. Amma Malamin Zane, kafin a gama rigimar suna, allon naku fa? In filawud ne, a shafa masa banish gaba da baya da gefuna, a bari ya bushe kwana guda. In fuska ɗaya aka shafa, ruwan filasta zai shiga ɗayar, allon ya lanƙwashe, ƙasar ta tsage ta tsakiya. Kada kaurinsa ya gaza milimita 9.

Tudu da kwari da farin soson da ake tallafe firiji da shi a kwali za a yi. A yanka da reza, a manna da farin gam na kafinta irin Top Bond. Kada sufa gulu ko fentin feshi ya taɓa soson tsirara, cinye shi yake yi nan take. A soke shi da tsinken sakace don kada ya zame kafin gam ya kama. Sannan garin POP, wato filasta, kofi biyu, ruwa kofi ɗaya, cokali guda na farin gam, da ɗan fenti ruwan ƙasa a cikin kwaɓin, don in ya ɓantare daga baya kada fari ya bayyana. A zuba garin cikin ruwa, ba ruwa cikin gari ba, in ba haka ba sai ya yi gudaji. Kauri kada ya wuce milimita 5. Minti goma kake da shi kafin ya fara tauri, don haka a kwaɓa kaɗan-kaɗan. Yanzu hunturu ne, iska tana zuƙe ruwan kafin filastar ta kama, sai ta yi gari-gari tana zuba. A yi aikin a ɗaki, a rufa masa kwali, kada a sa a rana.

Mai Haɗa Samfur, Kazaure:
Ƙari a kan na Kafinta, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Tun filastar tana da laushi, a shimfiɗa siririyar leda, a ɗora tankar a danna ta, a ɗaga. Sarƙar za ta bar gurbinta. In ba a yi haka ba tankar za ta tsaya a kan ƙasa da haske yana wucewa ta ƙarƙashin sarƙa, alhali abu ne mai nauyin tan 30. A ja sawun sarƙar tun daga bakin allo zuwa inda ta tsaya, don a san ta inda ta zo. Kuma kada a jera ta daidai da gefen allo, a karkata ta kaɗan.

Sai yashi. Mu da muke zaune a kan jigawa za mu ga kamar an huta, a ɗebo a ƙofar gida kawai. To ƙwayar yashi mai milimita ɗaya, a awon ragi na 35, dutse ne mai santimita uku da rabi. In ka shimfiɗa shi haka, ka yi filin tsakuwa. Wannan bai ɓaci duka ba, don filin Alamain mai tauri ne da duwatsu, ba tulin rairayi ba ne. Saboda haka a tankaɗe ƙasar da rariyar gari mai laushi. Garin da ya wuce shi ne ƙasar fili, wanda ya rage a rariya shi ne duwatsu, a warwatsa shi tsilla-tsilla, wani wuri da yawa wani wuri babu. A fara soya ƙasar a kasko don ƙwan ƙwari ya mutu. Wajen mannawa, farin gam kashi ɗaya, ruwa kashi uku, da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa. Sabulun ne ke sa ruwan ya nutse, in babu shi sai ya dunƙule a sama ya ja ƙasar ta yi ƙuraje. Da sirinji za a ɗiga, ba da burushi ba. Ciyawa kuwa, zaren igiyar buhu a yanka milimita 5 zuwa 8, a dasa tsubi-tsubi. Busasshiyar saiwar sabara tana ba da ƙaramin kurmi mai kyau.

Ɗalibin Harshe, Dutse:
Ku dubi abin da nake faɗa. Filawud, banish, filasta, sirinji, burushi, duk a numfashi ɗaya. Haka harshe ke zubewa muna kallo. In masu sana'a ba su damu ba, dole waɗanda suka karanci harshen su tsaya. Ba kowa ne ke da hurumin ƙirƙirar kalma ba.

Kafinta, Babura:
Malam, ka girmama mutane. Ni ban shiga jami'a ba, amma da Hausa nake ciniki, da ita nake koya wa yara aiki. Tankar ma da kake haɗawa da makallarka daga ina ta zo? Soja fa? Ka kawo mini sunan banish da za a gane a kasuwar Babura, gobe in fara faɗa.

Malamin Larabci, Taura:
Shi ya sa na ce a koma Larabci. Aron da muka yi daga can ya daɗe ya zama namu.

Ɗan Maigatari:
Allah ya gafarta Malam, aro aro ne. Me ya sa na gabas ya halatta na yamma ya haramta? Kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka daga Faransanci suke ara. In dayorama ce, su da mu duk abu ɗaya za mu ji.

Ɗalibin Harshe, Dutse:
Ban raina kowa ba, Baba Kafinta, ka yi haƙuri in maganar ta yi kaifi. Amma ina nan a kan bakana. Daidaitacciyar Hausa ba a kasuwa ake yanke ta ba.

Malama Mai Fassara, Ringim:
Ba a kasuwa ake yanke ta ba, amma can ake gwada ta. Mu koma kan aikin bawan Allah. Saura kalma ta uku. Tsufarwa ko koɗarwa?

Mai Haɗa Samfur, Kazaure:
Koɗewa launi kaɗai ta kama, aikin kuwa ya fi haka. Mataki huɗu ne. Na farko, bayan fentin asali mai launin yashi ya bushe sarai, a tsinka fentin mai ruwan ƙasa mai duhu, kashi ɗaya cikin goma na abin tsinkawa, a ɗiga a lunguna da kewayen ƙusoshi don su fito. Sharaɗi, fentin ƙasa ya zama na ruwa ne, a kuma rufe shi da siririn banish. In duka biyun na mai ne, na sama zai narkar da na ƙasa. Kada a yi amfani da tinar masu fentin mota, tana cin roba. Na biyu, a ɗebi fenti mai haske a burushi, a goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, a shafa a kan kusurwoyi. Na uku, ɓantarewar fenti: guntun soso a tsoma a launi mai duhu, a ɗan taɓa bakin ƙofofi da inda takalmi ke taka. Kaɗan. Sherman ɗin Alamain sababbi ne, ba su daɗe da sauka Masar ba, kuma hamada ce, don haka tsatsa ba ta da wuri a nan. Ɗalibai suna son jan tsatsa, a hana su. Na huɗu ƙura, ita ce babba. A niƙa ƙasar da aka yi filin da ita ta yi laushi, a shafa a ƙafafu da ƙasan jiki da takalman sojoji, don tanka da fili su zama launi ɗaya. A ƙarshe a goga bakin fensir a gefen ƙarfen sarƙa ya yi ƙyalli. Sarƙar Sherman a ɗame take, kada a sake ta ta yi ciki kamar ta tankar Rasha T-34. Ga wannan duka, tsufarwa ta fi kusa, duk da tankar ba tsufa ta yi ba, ƙura ta sha.

Ɗan Maigatari:
A ce ɗan fage mana, ya fi ƙaramin fage sauƙi.

Malama Mai Fassara, Ringim:
In aka faɗa da baki, mutumin Kano zai ji ɗan Fagge. A bar shi ƙaramin fage.

Malamin Zane, wajen Gumel:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan kai. Kan takarda: Ƙaramin Fagen Yaƙin Alamain, 1942. Layi na biyu: wannan shi ake kira dayorama, wato wuri da abin da ya faru a cikinsa, an ƙanƙanta su da awo. Daga nan ƙaramin fage zan riƙa cewa. Awon ragi, ɗaya bisa 35. Tsufarwa na karɓa. Ita tankar kanta samfurin tanka na rubuta, ko da yake bai kwanta mini ba.

Mai Haɗa Samfur, Kazaure:
Samfur a kasuwa abin da ake nuna wa mai saye ne, amma mu ma shi muke faɗa, ba mu da wani. Ƙaramin fage zai yi wa wannan aikin. Ranar da ɗalibi ya haɗa cikin ɗaki ko rumfar kasuwa, fage ba zai ɗauka ba, sai an sake zama.

Ɗalibin Harshe, Dutse:
Abin da na faɗa tun farko ke nan, bayani ba ya maye gurbin suna. Tunda lokaci ya ƙure, a buga haka. Ni dai a rubutuna makalla zan ci gaba da sawa.

Kafinta, Babura:
Malam, in za a kai shi wurin taro a babur ko a mota, a huda cikin tankar a ɗaure ta da kusa mai zare ta ƙarƙashin allo, sojojin kuma a sa musu guntuwar waya a dunduniya a soke cikin soso. Gam kaɗai ba zai riƙe su a hanyarmu ba.