Yawon bakin teku da yara daga Busua zuwa Butre da Dixcove: masu sanin hanyar su tofa albarkacin bakinsu

Hajiya daga zangon Takoradi:
Assalamu alaikum. Iyalai da dama na son kai yara su ga tsofaffin sansanonin Turawa na ƙasar Ahanta, a gaɓar tekun Ghana, da ƙafa lokacin hutu. Waɗanda suka san hanyar su taimaka: ta ina ake farawa, ƙarfe nawa, me ake riƙewa, kuma yaro ɗan shekara nawa zai iya?

Direban tasha:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Daga Takoradi a shiga motar Agona Nkwanta, a can a canza zuwa ta Busua. Busua ce a tsakiya. Butre na gabas, kusan kilomita 3, yawancinsa kan yashi, sai a ƙarshe a haura wani tudu da ya kutsa cikin teku a gangara cikin gari. Dixcove na yamma, ya fi kusa, babba zai yi shi cikin minti 20 zuwa 25. Da ƙananan yara kada a haɗa biyun a rana ɗaya. Butre da safe, a dawo da mota ko a kwana, Dixcove washegari. Kuma a yi magana da mai tasi tun daga Agona, a karɓi lambarsa, domin mota ba ta yawan shiga Butre, musamman da yamma.

Mai kwalekwale:
Abin da baƙi ba sa lura da shi shi ne cikar teku. Sau biyu take cika, sau biyu take janyewa a kowace rana, tsakanin cika da janyewa awa shida da 'yan mintoci. Lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti 50 kullum, don haka abin da wani ya gani ranar Asabar ɗin da ta wuce ba zai yi muku amfani ba. A duba jadawalin cikar teku na Takoradi a waya, a tashi kamar awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewa. A lokacin yashin da ke kusa da ruwa a jiƙe yake, a daddaɓe, ƙafa ba ta nutsewa. In ruwa ya cika sai a koma kan busasshen yashi, shi ne mai cinye ƙarfin yaro, kafin a yi rabin hanya ya fara neman goyo. Farkon watan Musulunci da tsakiyarsa, wajen sha huɗu zuwa sha biyar, ruwa ya fi hawa sama kuma ya fi ja da baya.

In kun tarar masunta na jan koma daga teku, kada yaro ya tsallaka igiyar. A ɗaure take tamau, igiyar ruwa na fizgarta. A yi sallama, a zagaya ta bayan masu ja. Ranar Talata yawanci masunta ba sa fita, bakin ruwa ya fi sarari, amma sabon kifi zai yi wuya.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba mai kwalekwale ya faɗi babban abu. In ƙara da maganar rana. A bar Busua kafin ƙarfe 7, a isa Butre kafin 9, don daga 10 zafin yashi yana ƙona tafin ƙafa, inuwa kuma babu sai gindin kwakwa, can ma ba a zama saboda faɗowar 'ya'yanta. Babba ya riƙe ruwa lita ɗaya da rabi, wato ledar fiya wata guda uku, yaro kuma leda biyu. A sa ledar gishiri da sukari ta asibiti guda biyu a jaka, ana kaɗa ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, kada a rage ruwan don a ƙara ƙarfi. Silifas na yi a kan yashi, amma a hawan tudu yana zamewa ko ya tsinke, don haka a sa wa yara takalmi mai maɗauri a dunduniya. Keken tura jariri ba shi da amfani a nan ko kaɗan, zanen goyo ya fi.

Wanka kuma, a tsaya inda ruwa bai wuce gwiwar yaro ba, babba ɗaya ga yaro ɗaya. Wurin da kuka ga ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui alhali gefe da gefe igiyar ruwa na fashewa, nan ne ruwa ke komawa teku da ƙarfi. Iyaye kan zaɓe shi don ya yi kama da wuri mai lafiya. Wanda ruwan ya ja, kada ya yi ta fafutukar dawowa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga cikinsa.

Malamin tarihi, Sekondi:
Hajiya, a gaya wa yara abin da za su gani tun kafin su hau. Sansanin Batenstein da ke kan tudun Butre mutanen Holan ne suka gina shi a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta. Yanzu kango ne, babu rufi, gefunan bango ba shinge, a riƙe hannun ƙanana. Hawan gajere ne amma a miƙe yake. Daga sama ana ganin bakin kogin, da gadar katako, da kwalekwale a jere. Na Dixcove, wato Metal Cross, Ingilishi suka gina cikin shekarun 1690. Ya koma hannun Holan a 1868 lokacin da ƙasashen biyu suka yi musayar sansanoni, su suka sa masa wannan suna, sannan ya dawo wa Ingila a 1872. Dukansu suna cikin sansanonin Ghana da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Ga manyan yara akwai labarin Badu Bonsu na Biyu, sarkin Ahanta da Holan suka rataye a 1838 suka tafi da kansa, ba a maido shi ba sai 2009. Maganar cinikin bayi kuma kada a ɓoye ta, amma a auna shekarun yaro.

Direban tasha:
Malam, ban yarda a kai 'yan ƙasa da shekara biyar saman Batenstein ba. Su tsaya ƙasa da babba ɗaya. Hanyar Dixcove kuma, ko da gajeriya ce, akwai inda take ratsa ciyayi ba kowa. A tafi a ƙungiya, da rana, a ɗauki ɗan gari, a ajiye manyan wayoyi cikin jaka. A shirya kuɗin ɗan rakiya kafin a tashi, a riƙe canji.

Limamin unguwa:
Alwala da ruwan teku ta halatta, ba sai an taɓa ruwan sha ba. Teku na kudu, alƙibla na tsakanin gabas da arewa maso gabas, don haka mai salla zai ga ruwan ya faɗo damansa. A nemi wuri can sama da inda ruwa ya bar shara, wannan layin ne iyakar cikar da ta wuce.

Mai kwalekwale:
Gadar Butre a tambayi halinta a gari kafin a ɗora yara, katako da iskar gishiri ba sa daɗewa tare. Watan Mayu da Yuni ruwan sama ya fi yawa, hanyar tudu na santsi. Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗin tafiya, sai dai hazo na rage hango. A wannan lokaci kunkurun teku kan fito ya binne ƙwai a yashi, in an ga sawu kamar na taya ya fito daga ruwa, kada yara su tona. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu na biyo baya nan da nan, don haka zuwa 4 da rabi kowa ya kama hanyar komawa.