Neman shawara kan fara walda da injin waya da zaɓen iskar kariya

Sabon Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'ar walda. Shekara shida ke nan ina walda da sanda a wata rumfa da ke unguwarmu a Kano, kuma galibin aikinmu ƙofofi ne da tagogi da gadajen ƙarfe, amma a 'yan watannin nan masu adaidaita sahu sun yawaita kawo mana gyaran jiki, ƙarfen jikin kekunan kuwa siriri ne ƙwarai. Duk yadda na rage wuta, sandar 6013 tana huda shi, sai aikin da ya kamata a gama kafin azahar ya kai mu la'asar. Wannan ya sa na tara kuɗi na sayi ƙaramin injin MIG mai ƙarfin amfiya 160, irin wanda yake turo waya daga naɗi ta cikin bindigar walda da ake riƙewa a hannu.

Inda na tsaya shi ne batun iska. Wanda ya sayar mini da injin ya ce in nemi tukunyar argon, wani abokin aiki ya ce CO2, wato iskar kabon dayoksaid, ta wadatar, wani kuma ya ce akwai wayar da ba ta buƙatar iska ko kaɗan. Ina roƙon ku bayyana mini wadda ta dace da aikina da kaurin wayar da zan saya, tare da la'akari da cewa rumfarmu a buɗe take ta ɓangare biyu, ga hunturu yana gabatowa. Haka kuma muna da tukunyar oksijin da muke yanka ƙarfe da ita, shin zan iya ɗaukar regiletarta in ɗora a kan sabuwar tukunyar?

Tsohon Maƙeri ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya albarka a cikin injin. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ta shafi rai. Kada ka taɓa kayan oksijin a wannan aiki. Regiletar oksijin ta oksijin ce kaɗai, ba a son maiƙo ko dattin wata tukunya ya shige ta, saboda oksijin mai matsi idan ya haɗu da mai yana iya kamawa da wuta nan take. Kowace iska a sa mata regiletar da aka yi dominta, kada a haɗa.

Ka fahimci aikin iskar tukuna, sai zaɓin ya zo maka da sauƙi. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kashi 21 kuma oksijin, kuma duka biyun idan suka shiga narkakken ƙarfe suna barin ramuka a cikinsa, su sa ya yi saurin karyewa. A waldar sanda, garin da ke jikin sandar shi ne yake ƙonewa ya yi hayaƙin da ke kore su, ya kuma bar ɓawon da kake kankarewa da guduma. Wayar MIG tsirara take, ba ta da wannan rufi, don haka dole iska ta fito daga bakin bindiga ta lulluɓe wurin da ke narkewa har ya daskare.

Shawarar da aka ba ka ta argon zalla ba ta dace da baƙin ƙarfe ba. Lokacin da aka fito da wannan hanya a Amurka a 1948, an yi ta ne da iskar da ba ta cuɗanya da komai, kuma a kan alminiyam da makamantansa ta fi amfani. Sai a 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa ana iya waldar baƙin ƙarfe da CO2, daga nan ne sana'ar ta bazu saboda arha. Idan ka sa argon zalla a kan ƙarfen ƙofa, wutar za ta riƙa yawo, ɗinkin ya taru a tsakiya kamar igiya bai kwanta ba, gefunansa kuma su zaizaye. Ka ajiye argon zalla sai ranar da aka kawo maka alminiyam.

Abin da nake amfani da shi a siririn ƙarfe shi ne gaurayen argon kashi 75 da CO2 kashi 25, ko kuma mai 80 da 20, duk tafiyarsu ɗaya a irin aikinka. Wutarsa a natse take, tartsatsi kaɗan ne, ba ya kuma nutsawa da zurfin da zai huda falankin ƙarfe. Sai dai idan ka je saye, ka faɗi sunan gaurayen da kason da kake so a fili, ka karanta takardar da ke jikin tukunyar da idonka, domin mutane da dama kowace iskar walda argon suke kiranta, launin fentin tukunya kuma ba abin dogaro ba ne. Waya kuwa ka nemi ER70S-6. Mai kaurin milimita 0.8 za ta yi maka ƙofa da taga, mai 0.6 kuma ita ce ta fi dacewa da jikin adaidaita sahu. Duk wadda ka sa, ka tabbata ƙaramin bakin tagullar da ke ƙarshen bindiga da ramin gargaren da ke tura waya lambarsu ta yi daidai da ita.

Mai Gareji ya amsa:

Na yarda da bayanin Baba gaba ɗaya ta fuskar ingancin aiki, amma ina neman izininsa in saɓa masa a kan abin da ya kamata ƙanenmu ya fara saye. Mutumin da ya gama zuba jarinsa a kan inji, kuma zai shafe makonni yana ƙona waya a kan guntayen ƙarfe kafin hannunsa ya faɗa, ni a ganina CO2 zalla ta fi masa. Ta fi arha nesa ba kusa ba, ta fi sauƙin samun ciko, tana kuma daɗewa, domin a cikin tukunya ruwa-ruwa take, kuma kilo ɗaya yana ba da sama da lita 500 na iska. Idan kana sakin lita 10 a minti, kilo ɗaya zai kai ka kusan minti hamsin na ainihin walda, ba tare da lissafin lokacin aunawa da yankawa ba.

Gaskiya ne tana da tartsatsi, tana kuma nutsawa da zurfi. A ƙarfen ƙofa mai kaurin milimita biyu zuwa sama wannan zurfin alheri ne. A siririn falanki kuwa ana maganinsa da dabara, wato kada ka ja dogon ɗinki, ka riƙa ɗigawa nan da can kana barin wuri ya huce, sannan ka dawo ka cike tsakanin ɗigon. Idan akwai rata, ka tokara guntun jan ƙarfe a bayanta, zai shanye zafi kuma waldar ba za ta manne masa ba. CO2 takan so a ƙara ƙarfin wutar injin da bolt (volt) ɗaya ko biyu a kan abin da gaurayen yake so. Harufan S-6 da ke sunan wayar da Baba ya ambata suna nuna cewa an ƙara mata manganis da silikon, su ne suke kama oksijin da CO2 take saki a cikin wuta, don haka wayar ta dace da iskar duka biyu, ba sai ka sake saye ba ranar da ka koma gauraye.

Akwai halin tukunyar CO2 da yake rikita sababbin shiga. Agogonta ba ya nuna yawan abin da ya rage, yana tsayawa ne wajen matsin bar 57 idan yanayi yana digiri 20, ba zai sauka ba sai ruwan ya ƙare, daga nan ya faɗi da sauri. Da sikeli ake sanin ragowarta. Dole ta tsaya a miƙe, ɗaure da sarƙa a jikin bango ko amalanke, kuma kada a bar ta cikin rana, musamman a watannin Maris da Afrilu, saboda matsinta yana hawa sosai da zarar zafi ya haura digiri 31. Ka kuma guji tukunyar kashe gobara, domin irinta tana da bututu har ƙasa wanda ke fitar da ruwan maimakon iska, zai daskarar da regileta ya lalata ta.

Malamin Koyon Sana'a ya amsa:

Malamai biyu sun yi bayani mai gamsarwa, amma akwai abin da mai tambaya ya ambata wanda nake ganin ya fi zaɓen iskar nauyi, wato rumfar da ke buɗe. Iska mai gudun da bai wuce kilomita 8 a awa ba ta isa ta kwashe lulluɓin da ke bakin bindiga, iskar hunturu a Kano kuwa ta wuce haka sau da yawa. Kowace tukunya ka saya, idan ba ka kare wurin aiki da kwano ko labulen da ba ya kama wuta ba, kuɗinka ne yake bin iska. Fanka ma haka take yi idan ta fuskanci aikin.

Wayar da abokinka ya ce ba ta buƙatar iska gaskiya ce. Bututu ce siririya da aka cika cikinta da gari, kamar sandar walda da aka juya cikinta ya koma waje, za ka ga an rubuta E71T-11 ko E71T-GS a jikin naɗin. Ita ce ta dace da ranar da za ka je kafa ƙofa a gidan mutane, inda ba za ka ja tukunya ba, kuma ta fi haƙuri da tsatsa. Amma tana da hayaƙi da yawa, tana barin ɓawo, tana kuma da zafi, don haka ba ita ce maganin siririn ƙarfen da ya sa ka sayi injin ba. Idan za ka sa ta, sai ka sauya igiyoyin wuta, bindiga ta koma kan alamar ragi, maƙalin da ke kama aikin ya koma kan alamar ƙari, saɓanin wayar tsirara da take son bindiga a kan ƙari. Yawancin waɗanda suka ce wayar ba ta da kyau wannan ne suka manta. Ita ana jan bindiga ne kamar sanda, wayar tsirara kuwa ana iya tura ta gaba a ɗan karkace.

Ina roƙonka ka kula da lafiyarka. Hasken wannan walda yana ƙona fata da ido ƙwarai, tabarau baƙi na kasuwa ba ya kare komai, ka nemi hular walda mai gilashi lamba 10 ko 11, da riga mai dogon hannu ta auduga. Bututun da aka rufe da tutiya hayaƙinsa yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki, sai an goge rufin da giranda kafin a taɓa shi. Argon da CO2 duka sun fi iskar shaƙa nauyi kuma ba a ganinsu, suna taruwa a cikin tanki ko rami har su shaƙe mutum. A jikin adaidaita sahu kuma ka cire igiyar batir, ka nisanci tankin mai da bututunsa.

Sabon Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na bi shawarar Yaya Mai Gareji na sayi CO2 da regiletarta da waya mai 0.8, na kuma kare gefen rumfar da ke fuskantar gabas da kwano. Da safe ɗinkin yana fita lafiya, amma idan na yi kamar awa biyu sai ramuka su fara bayyana a samansa kamar saƙar zuma. Na ƙara iskar har lita 25 a minti, abin bai gyaru ba, har ina ganin ya ƙaru, kuma regiletar tana yin sanyi da farin ƙanƙara a jikinta. Baba, ina matsalar take?

Tsohon Maƙeri ya amsa:

Ɗana, ƙarin da ka yi shi ne ya tsananta abin. Idan iska ta fito da ƙarfi fiye da kima takan hautsine a bakin bindiga ta jawo iskar waje cikin narkakken ƙarfen, sannan CO2 tana sanyaya regileta gwargwadon yawan da ake ja, har ƙanƙara ta riƙa toshe hanyar, iskar ta zo ta yanke. Ka mayar da ita lita 10 zuwa 12, wanda ya ishi waya mai 0.8, kuma ka saita ta ne alhali kana danne da kunamar bindiga, domin ma'aunin da iska take gudana shi ne na gaskiya.

Tunda ka ce da safe lafiya sai daga baya, zargina ya fi karkata ga bakin bindigar. Tartsatsin CO2 yana taruwa a cikinsa sannu a hankali har ya toshe ƙananan ramukan da iskar ke fitowa ta cikinsu. Ka zare shi bayan kowane ɗan lokaci ka kankare da filaya, ka shafa masa man hana tartsatsi na walda, ba man inji ba. Ka lura da hannunka kuma, domin idan mutum ya gaji yakan ja bindiga baya bai sani ba, wayar da ta leƙo daga bakin tagullar kuwa bai kamata ta wuce kusan milimita 10 ba. Ka shafa ruwan sabulu a mahaɗin tiyo ka ga ko zai yi kumfa, ka goge fenti da tsatsa da maiƙo har ƙarfen ya yi fari kafin ka kunna wuta, da dare kuma ka rufe naɗin wayar da leda saboda ƙurar hunturu, wadda take bin waya ta cushe hanyarta a cikin igiyar bindiga.

Idan komai ya daidaita kunnenka zai gaya maka, za ka ji ƙarar tana tafiya bai ɗaya kamar ƙosai a cikin mai mai zafi. Idan waya tana dukan ƙarfe tana tura hannunka baya, gudunta ya yi yawa ko bolt ya yi kaɗan, idan kuma tana narkewa ta koma ta manne a bakin tagulla, gudunta ya yi kaɗan. Gobe ka haɗa guntaye biyu masu kaurin milimita biyu, ka matse su a bais ka lanƙwasa da guduma har su kwanta, sannan ka turo mana hoton ɗinkin ta gaba da ta baya tare da lambobin da ka saita injin a kai.