Komai a ba shi 200? Gardama a zauren masu gina manhaja

Sadik: Jama'a, ni fa na yanke shawara. A sabon aikinmu duk amsar da saba (na'urar da ke amsa buƙatun manhaja) za ta bayar 200 ce, wato lambar HTTP mai nufin komai lafiya. In akwai matsala in rubuta ta a cikin JSON, tsarin rubutun da amsar ke zuwa da shi, "ok" ya zama false, bayani ya biyo. Mai gina manhajar waya ya duba wuri ɗaya, shi ke nan.

Maryam: To na'urar da ke sa ido a kan sabar fa? Ita lambobi take ƙirgawa. Rumbun bayanai ya faɗi da tsakar dare, kowace buƙata na komawa da 200, allo kore shar, kai kana sharar barci masu saye suna tsine mana.

Sadik: Anti Maryam, masu manhajar hira ta Slack haka suke yi. GraphQL ma, wata hanyar neman bayanai daga saba, galibi 200 yake bayarwa, kuskuren na cikin "errors". Su ba su san aiki ba ne?

Bello: Nan kam ya kama ki.

Malam Habibu: Bai kama kowa ba. Ka matsa wa Slack ɗin da buƙatu ka gani, 429 za su jefo maka, wato buƙatu sun yi yawa, da Retry-After mai gaya maka daƙiƙa nawa za ka jira. Ba ma wannan ba. Sadik, tsakanin waya da abin da ka rubuta akwai nginx, manhajar da ke fara karɓar buƙatu a saba. Ran da PHP-FPM, mai gudanar da abin da ka rubuta, ya mutu, nginx ne zai amsa, da 502, kuma shafin HTML zai turo, ba JSON ba. In aiki ya yi nauyi ya wuce daƙiƙa 60, wato wa'adin da nginx ke jira in ba a canza ba, 504 ce. In Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin sabarka da masu shigowa, na gaba kuma ya kasa ƙulla haɗi da sabarka, 522. Cikinsu wa ya san da "ok" ɗinka? Ko ka so ko ka ƙi, mai manhaja sai ya duba lamba. Wuri ɗayan naka ya zama biyu.

Sadik: Malam, wannan na yarda, amma ai faɗuwar na'ura ce. Ni ina maganar irin su "kuɗinka bai isa ba". Wace lamba ce wannan? Wani ya ce 400, wani 409, wani 422, kullum musu.

Maryam: Ɗauki ɗaya ka tsaya a kanta, ƙarin bayani ya shiga JSON. Har tsari aka yi wa hakan, takardar ƙa'ida mai suna RFC 9457 ta 2023. Lambar farko a cikin ukun ce mai aiki: 4 na nufin gyara daga wajen mai turo buƙata, kar ya maimaita yadda ya turo, 5 matsalar saba ce, a sake gwadawa anjima.

Bello: Ni dai a shafukan da mutane ke buɗewa kar ka kuskura. Shafin da babu shi ya ba da 200, Google zai lissafa shi a matsayin 404 (lambar "babu shafin") ta boge.

Sadik: Shafuka 404, kalmar sirri ba daidai ba 401, na ji. "Kuɗi bai isa ba" kuwa 200 zan bar shi, buƙatar ai ta isa kuma an amsa.

Malam Habibu: To ka sa masa alama a rajistar saba yadda za a iya ƙirga shi. Turo min in duba kafin ku ɗora.