Neman Hausar "catalyseur" kafin shirin Asabar

Malamar kimiyya, Garwa: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi darasin sinadarai a rediyo domin 'yan ajin terminal masu shirin bakaloriya, amma har yanzu ban samu Hausar catalyseur ba, wato abin da ke sa haɗuwar sinadarai ta yi sauri ba tare da shi ya ƙare ba. A aji nakan zuba baƙin garin manganiz cikin ruwan oksijene da ake wanke ciwo da shi, nan take kumfa ta taso, idan kuma aka tace garin aka busar aka auna, nauyinsa yana nan. A rediyo babu mai ganin kumfa, sai abin da kalma ta ɗauko.

Malami, Marwa: Wa alaikumus salam. Mahanzarci, daga hanzarta, bisa ƙirar kalmar "marubuci".

Dattijo, Kuseri: 'Yata, ki ce dillali. Shi ne ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, ya tashi da rigarsa ya nufi wani cinikin. Shekaru na yi ina faɗa wa yara haka.

Malami, Marwa: Baba, dillali yana cin la'ada, yana kuma iya ɗaga farashi. Wannan kuwa ba ya ƙara yawan abin da za a samu a ƙarshe, hanya kawai yake gajartawa, kamar yadda ƙarfe ke yi wajen haɗa amoniyar takin zamani. Yaron da ya riƙe dillali zai faɗi a tambayar daidaito, wato matsayin da haɗuwar sinadarai ke tsayawa a ƙarshe.

Ɗalibi, Njamena: Malama, takardar jarrabawa da Faransanci take zuwa, me zai hana a ce katalizer? Shi kansa Berzelius, masanin sinadaran da ya raɗa sunan, daga Girkanci ya aro tushen kalmar a 1835.

Dattijo, Kuseri: Ɗana, da irin wannan aro ne Hausarmu ta zama rabi Faransanci, har mutanen Kano suke ganin ba mu iya ba. Mahanzarcin ma kalmar ofis ce, babu tsohuwar da za ta gane shi.

Malami, Marwa: Baba, ba Kano muke roƙo ta amince mana ba, yaranmu muke koyarwa.

Malamar kimiyya, Garwa: Na gode, lokaci ya ƙure. Zan ambaci katalizer sau ɗaya saboda jarrabawa, in ci gaba da mahanzarci, dillali kuma ya shigo a misali tare da gyaran Malam.

Dattijo, Kuseri: To, 'yata, na bari domin Asabar, amma ban janye ba.