An nemi a sa ɗiyata cikin bincike a asibiti, in yarda?

Maman Nana, Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya na kai ɗiyata awo, watanta 7. Malama ta naɗa mata igiyar awon tamowa a damtse, ta tsaya a launin ruwan ɗorawa, milimita 121. Sai wani likita ya ce suna bincike kan yara irinta, za su riƙa dubata duk sati biyu, su ɗibi ɗan jini a yatsa. Ya ba ni takarda da faransanci in kai wa maigida. Uwar mijina da ta ji an ambaci jini ta ce atafau, ba a Kano haka aka yi ba? Ni kuwa tun gudawar da ta yi da damina yarinyar ke ramewa, hannu kamar sillen kara. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon Majo:
Ɗiyata, Hajiya uwar mijinki ba ta yi ƙarya ba. A 1996, lokacin sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Amma nan Madarunfa, kusa da Maradi, aka gwada rigakafin gudawar rota wanda zafi ba ya lalatawa, a kan jarirai fiye da 3,500, ana ɗiga musu a baki a sati 6, 10 da 14 da haihuwa. Sakamakon ya fito a 2017: ya rage gudawa mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku. Kada a sa hannu sai an karanta muku takardar da Hausa, gaban maigida. Kina da damar fita duk ranar da kika so, kuma ko kin ƙi, dole su duba ta.

Inna Larai:
Na shiga da ɗana. Jinin ɗigo ne, bai kai na kaciya ba. Abin da ya gajiyar da ni zaman jira, tun hantsi har azahar. Ki tambaye su ina jinin ke zuwa.

Tsohon Majo:
Na manta. Ki danna bayan ƙafarta da babban yatsa, ki ƙirga uku. In ya lotsa, ko awo ya sauka ƙasa da 115, cikin ja, kar ki jira wani bincike, asibiti ranar nan.

Maman Nana:
Na gode Baba. Na danna, bai lotsa ba, alhamdulillahi. Litinin za mu koma, har da Hajiya, ta ce da kunnenta za ta ji.